Yatsan da Nake Jin Rele da Shi

Ran Lahadi a gidan Alhaji Mamman Sani, can unguwar Guillotière inda mu 'yan Nijar na Lyon ke haɗuwa cin shinkafa, Nasiru ya miƙo mini wayarsa tun ban gama wanke hannu ba. Haifaffen Paris ne, karatu ya kawo shi nan, bakinsa ba ya gajiya.

Tonton yake ce mini, wato kawu. Ya ce, "Tonton Lawali, ashe wannan ne aikin da kuka yi bisa dutse? Ai ko ni na iya."

Na duba. Wani Bature ne a bidiyo, moton ƙanƙararsa ya ƙi tashi. Ya zare wani ɗan baƙin abu, ya sa a aljihu, ya yi ta surutu yana dariya, ya mayar, moto ya tashi. Sauran samarin suka ce su ma bana za su nemi aikin lokacin ɗari a can, tunda yawo ne cikin dusar ƙanƙara kuma a biya ka.

Na ce musu, to, Baturen bai yi ƙarya ba. Abin da bai nuna muku ba shi ne yadda aka san wancan ɗan abin ne mai laifi, alhali akwai irinsa jere a wurin, kuma akwai wasu cututtuka goma da ke hana moto tashi. Wannan sanin a kan yatsa yake. Duk ranar da yatsanka ya tafi, aikin ya tafi. Ku aje wayoyin nan ku ji yadda na yi kokawar riƙe nawa aikin da hannun nan da kuke gani kamar lafiyayye.

Ni mai gyaran wutar mota ne tun daga Maradi. A garejin Malam Ɗan Jimma na koya, inda in ka haɗa waya ba daidai ba sai ka sha ranƙwashi kafin a nuna maka. Da na zo Faransa, a Rungis na fara, babbar kasuwar abincin nan ta bayan Paris, ina tayar da manyan motocin firigo masu sanyaya abinci. A can na ɗauka na gama sanin sanyi. Daga baya wani abokin aiki ya haɗa ni da garejin Madam Odil a Lyon, wata mace mai gajeren farin gashi da mijinta ya rasu ya bar mata wurin. Da rani muna gari muna gyaran motoci. In ɗari ya shigo sai ta buɗe wata rumfar bisa duwatsu, inda Turawa ke zuwa wasan sulɓi, mu koma gyaran motonej, wato moton ƙanƙara. Jikinsa na babur ne, amma gabansa wasu dogayen tafukan sulɓi biyu ne a maimakon taya, bayansa kuma faffaɗar roba mai haƙora ce ke juyawa. Da shi ake kai kaya gidajen abinci na can ƙololuwa, da shi masu ceto ke sauko da wanda ya karye.

Aikina na farko a can, moton wata mata ne mai hayar ɗakuna. An haɗa ni da Rene, wani tsoho ɗan asalin dutsen, jan hanci, maganarsa ba ta wuce ta dole. Ni kuwa na zo da taƙama. Na duba batir, lafiya lau. Na ciro na'urar awon wuta, sanyi ya sa fuskarta ta shafe, ko lamba ɗaya ba ta nuna ba. Na fara kwance demarer, wato abin da ke juya inji. Rene na tsaye yana kallona har na gaji don kaina. Sannan ya matso, ya zare mini safar hannu ba tare da ya tambaye ni ba, ya kama manuniyata ya cusa cikin wani ɗan lungu tsakanin wayoyi, ya ɗora ta kan wani baƙin abu da bai kai kwalin ashana ba. Ya murɗa makulli.

"Ka ji wani abu?"

Na ce a'a.

Ya zare abin, ya cusa a hammatarsa, ya kunna taba. Da ta ƙare ya mayar, ya sake ɗora yatsana, ya murɗa. Sai na ji ƙis a ƙarƙashin fatata, ɗan motsi kaɗan. Famfon mai ya yi ƙugi, moto ya tashi. Rene ya ce, "Sa safarka," ya yi tafiyarsa. Darasin ke nan gaba ɗaya.

Wannan abin shi ne rele. A Maradi ma na san shi, ba baƙona ba ne, sai dai ban taɓa ganin ya daskare ba. A cikinsa akwai wani ɗan harshen ƙarfe. In ka murɗa makulli, ƙaramar wuta ta ja harshen ya rufe, babbar wuta ta wuce zuwa famfon mai ko demarer. To moton da ya kwana a ɗaki mai ɗumi aka fito da shi, ko wanda injinsa ya yi zafi aka kashe shi cikin iska, sai raɓa ta taru a cikin relen. Raɓar ta zama ƙanƙara, harshen ya ƙame. Ka murɗa makulli har ka karya shi, tsit. A gari da kunne ake jin ƙis ɗin. Bisa dutse iska na kaɗawa, kunnenka na cikin hula biyu, ba abin da za ka ji. Safar hannu kuma ba ta barin motsin ya iso fata. Dole ka tsiraita yatsa. In ka ji ƙis amma moto bai tashi ba, rabu da rele, bai yi maka komai ba, nemi laifin a fuzibil, wato fis, ko wayar ƙasa, ko jan maɓallin nan na kashewa da masu moto ke dannawa da gwiwar hannu su rantse ba su taɓa ba. In ba ka ji ba, ka kama ɓarawonka.

Masu moto kuwa, Allah ya shirye su. Kafin su kira ka sai sun gama ɓarna. Wani ya kwarara ruwan zafi daga butar shayi, ya tashi a ranar, washegari akwatin wayoyin gaba ɗaya ya zama dunƙulen ƙanƙara. Wani ya kunna masa wutar taba har robar ta narke. Mafi yawa hurawa suke da baki, ba su san tururin numfashi ruwa ba ne, ruwan kuma shi ne ciwon. Zafin jiki kawai yake so, a hankali. Shi ya sa Rene ke yawo da relen canji cikin tsohuwar safa da ya maƙale a cikin riga. Ni na raina safar. Da na je Paris hutu na sa wani baduku a Château Rouge ya ɗinka mini 'yar jakar fata mai igiya, na rataya a wuya. Wata Juma'a ina cire rigar sama a masallaci, wani dattijo ya hango, ya ja ni gefe ya yi mini doguwar nasiha kan rataya laya. Na bar shi ya kai aya, sannan na buɗe masa. Ya daɗe yana jujjuya rele a hannunsa, ya ce, "To wannan maganin me yake yi?" Na ce maganin sanyi, amma ba nawa ba.

Hannun Rene na dama yatsu biyu guntaye ne, ban taɓa tambayarsa ba. Shekarar da zai aje aiki ya ce mini kada in bar hannu a waje fiye da shan taba ɗaya. Ni ba na shan taba, sai na riƙa aunawa da karatun gajerun surori, in na kai inda na saba sai in mayar da safa ko aikin bai ƙare ba. Haka na yi shekara da shekaru. Kowace shekara yatsun na ƙara jinkirin dawowa in na shiga ɗaki, amma suna dawowa. Kuma ina son aikin, ba na ɓoyewa. A Lyon sababbin motoci na'ura ake jona musu ta faɗi ciwonsu, yaro ɗan bana-bakwai ya karanta ya canza. Bisa dutse ne kaɗai ake cewa a kira Lawali, ba wani ba.

Mugunyar shekarar ta zo da wani sanyi a watan Janairu wanda tsofaffin ƙauyen ma suka riƙa girgiza kai. In ka ja numfashi gashin hancinka ya ƙame. Motoci suka ƙi tashi ko'ina, wayar rumfa ba ta hutawa, ga shi Rene ya tafi, ni kaɗai ne a waje. Ranar da nake ba ku labari Bernar ne ya kira, mai gidan abinci can sama, mutumin kirki. Motonsa ya mutu a ƙofar gidansa, burodi da cuku da tukunyar gas na jiransa a ƙasa, baƙi kuma za su zo cin abincin rana. Na hau nawa na je. Rele ne, ban ɓata lokaci ba na kama shi, na canza da na wuyana. Amma da ya tashi sai na ga baƙin mai na ɗiga, sanyi ya tsaga wata roba. Na gyara wannan ma, ina cire safa ina mayarwa, har na daina mayarwa don ta jiƙe da mai. Na gama hannuna biyu baƙi ƙirin, azahar kuma ta yi.

Bernar ya saba ba ni ɗakin ajiyarsa in yi salla. To kun san baƙin mai, in yana hannu ruwan alwala ba ya isa fata, sai ya zame. Duk makaniken da ya tashi a Maradi ya san maganin wannan: ka zuba esans, wato fetur, a hannu ka murza, man ya fita fes, sannan ka sa sabulu. Haka Malam Ɗan Jimma ke yi, haka nake yi kullum a rumfa, da wani galan da ke zaune can cikin ɗaki inda ɗumi yake. Hannuna ne ya yi aikin kafin kaina ya yi tunani. Jarkar Bernar na nan jingine a bakin ƙofa, a waje ta kwana. Na karkata ta, na tara hannu, na murza.

Ruwa in ya ji sanyi daskarewa yake, ka gani da ido ka kiyaye. Esans ba ya daskarewa. Yana nan ruwa-ruwa, amma duk sanyin da ya kwana yana sha na cikinsa, ga iska kuma tana busar da shi a kan fata. Na ji kamar an cije ni sau ɗaya, daga nan ban ƙara jin komai ba. Na duba, yatsuna sun yi fari fat kamar kyandir, na lanƙwasa su suka ƙi. Tsoro ya kama ni. Moton Bernar na gefe yana aiki, sai na yi abin da muka taso muna yi da ɗari in hannu ya ƙage, na nemi wuta. Na kifa hannu biyu kan bututun hayaƙi. Ban ji zafi ba, don haka ban ɗaga ba. Matar Bernar ce ta fito zubar da shara ta gan ni, ta fizge ni ta ja ni ciki, tana faɗa da Faransancin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta tsoma hannun cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi. Da jini ya fara dawowa, ni da furfura a gemu, na yi kuka da murya a gaban mace. Masu ceto suka sauko da ni. Bernar ya bi bayanmu da motonsa ya ɗauko kayansa, baƙinsa sun ci abinci a kan lokaci.

A asibitin Lyon yatsun suka kumbura, suka yi bororo, suka yi baƙi, farata suka zube. Matata Rabi ce ke ba ni abinci a baki, ita ke ɓalla mini maɓallin riga, ita ke yi mini alwala. Likita ya ce na yi sa'a ba za a yanke ko ɗaya ba. Muka yi ta godiya ga Allah, aka yi sadaka. Sabuwar fata ta fito, farata suka tsiro, kafin rani hannun ya koma kamar na kowa. Sai dai daga tsakiyar yatsu zuwa sama ba na jin komai, dama da hagu. In na ɗauki allura sai na duba in ga ko tana hannuna. Likitan ya ce jijiyoyin ƙila su farfaɗo, ƙila kuma a'a, a jira a gani.

Da likitan ma'aikata ya kira ni kafin in koma aiki, ya ce in dunƙule hannu, na dunƙule, in buɗe, na buɗe. Ya tambaya ko akwai damuwa, na ce babu. Rabi ta ce, "Malam, ka gaya wa Madam Odil gaskiya, ta ba ka wani aikin a gari." Na ce wane aikin? Shara? Shekaruna sun ja, 'ya'yanmu na makaranta, wa zai ɗauki tsohon mai gyaran wuta da ba ya jin waya a hannunsa? Da rani na lallaɓa a gareji da ido, ina aiki a hankali, ana cewa jinya ce ba ta gama sakina ba. Kullum da safe in tashi in daddanna yatsun a bakin tebur ko wani abu ya dawo. Shiru.

Aikin farko da ɗari ya sake shigowa, moton masu ceto ne. Na zare safa kamar yadda na saba, na cusa yatsa, na murɗa makulli. Ban ji komai ba. Na ce rele ne, na canza. Bai tashi ba. Na ɗora kan na kusa da shi, ban ji ba, na canza shi ma. Mutanen na tsaye da jajayen rigunansu suna kallon agogo. Ashe wayar ƙasa ce ta saki, relen kuwa tun farko yana ta ƙis ɗinsa a ƙarƙashin yatsana. Ɗayansu ya ce cikin wasa, "Lawali, yau ba ka sha kafe ba ne?" Na yi dariyar dole. Bayan wannan na yi ta zubar da fuzibil cikin ƙanƙara, abin da in ya faɗi sai bazara. Na bar wani ƙulli a sake don ban ji bai ɗauru ba, moton ya tsaya da mai shi a tsakiyar hanya. Kiran da ake yi wa Madam Odil ya fara canzawa, daga a turo Lawali zuwa me ya sami Lawali. Wallahi a lokacin ko barci ba na yi, na san ƙasa na zamewa a ƙarƙashina kuma ba ni da abin kamawa.

Sai na samo dabara. Wata rana ni kaɗai a bayan rumfa, na ɗauki dogon turnabis, wato sukudireba, na ɗora bakinsa kan rele, na cije ƙotar da haƙora, na miƙa hannu na murɗa makulli. Ƙis ɗin ya taho ta ƙarfen ya shiga haƙorana har cikin kai. Na maimaita, na sake maimaitawa. Na zauna cikin ƙanƙara ina hamdala. Na ce to shi ke nan, hannu ya tafi amma baki na nan. Daga ranar nakan ce wa mai moto ya je ya kawo mini ruwan zafi ko wani abin da ba na buƙata, in ya juya baya in yi abina. Aiki ya ɗan daidaita, har na buga wa Rabi waya na ce ta kwantar da hankalinta.

Wata safiya aka jawo wani moto har ƙofar rumfa, mai shi ya tafi karin kumallo. Na leƙa, Madam Odil na ciki tana waya. Na buɗe murfin inji, na zare safa don in kawar da wayoyi, na sunkuya da turnabis a baki. Na farko ya yi ƙis. Na matsa kan na biyu. Ina cikin haka na ga takalmanta a gefena.

"Lawali, me kake yi?"

Na cire turnabis, yawu ya daskare a ƙotar. Na ce wata dabara ce ta mutanenmu, ta fi yatsa tabbas. Ba ni take kallo ba, ƙasa take kallo. Na bi idonta. Jini ne a kan ƙanƙara, ja zir, ɗigo-ɗigo daga gindin moton har kan takalmina. Gefen wani ƙarfe ya tsaga mini manuniya, tsaga mai zurfi, ban sani ba.

Ta ce, "Mu shiga ciki."

Muka zauna kusa da murhu. Ta wanke ciwon, ta sa magani mai raɗaɗi, tana duban fuskata. Na tuna ya kamata in yamutsa fuska, amma na makara. Ta aje audugar.

"Ba ni ɗaya hannun. Rufe idonka. In na taɓa yatsa ka gaya mini wanne ne."

Na ce, "Madam, shekara nawa muna tare, sai yau za ki yi mini jarrabawa?"

"Rufe idonka, Lawali. Don Allah."

Na rufe. Na tattara hankalina gaba ɗaya na kai kan hannun, ina addu'a a zuci ko ɗan alama in samu, ko ɗumi, ko nauyi, in yi canke a kai. Ina jin itace na ƙara a murhu, ina jin numfashinta. Na jira. Na ƙara jira. Da shirun ya yi yawa na ce, "To ki fara mana, aiki na jirana a waje."

Na buɗe ido. Manuniyata na tsakanin yatsunta, ta matse ta da duk ƙarfinta har farcenta ya yi fari, ban san tun yaushe ba. Idonta ya cika da ruwa. Ta naɗe mini ciwon, ta ɗauko safar hannuna ta sa mini da kanta, yatsa bayan yatsa. Da la'asar na shiga motar Lyon, moton nan na ƙofar rumfa, murfinsa a buɗe.